Me Ke Jefa Matashi Cikin Laifi, Me Kuma Ke Fitar Da Shi?

Masaƙu ne suka raya unguwar Nasarawa da ke kudancin Kogin Kaduna. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, ta UNTL ta biyo baya a 1964, dubban ma'aikata suka kama haya a kewayen. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya da aiki a 2007. Yaran da aka haifa a lokacin su ne samarin yau, sun tashi sun iske iyayensu ba albashi.

Sai dai talauci kaɗai ba ya mai da mutum ɓarawo. Za ka ga uwa ɗaya uba ɗaya, wa bakanike ne, ƙane yana ƙwacen waya ko yana bin 'yan sara-suka. Ina bambancin yake?

Masana halayyar ɗan'adam sun lura cewa kusan ko'ina a duniya aikata laifi yana hauhawa daga balaga, ya kai ƙololuwa dab da shekara 20, sannan ya yi ta raguwa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da haƙuri da hangen abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A 1993 masaniya Terrie Moffitt ta kasa masu laifi gida biyu. Kaɗan ne ke fara nuna matsala tun suna ƙanana, galibi a gidan da duka da sakaci suka yi yawa, kuma su zarce har girma. Mafi yawa ƙuruciya ce da abokai ke jan su. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: a majalisar dare ake koyon riƙe wuƙa, a nan kuma ake koyon cewa wanda ya bari aka raina shi ba namiji ba ne.

Ƙwaya tana ƙara dagula lamarin. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin.

Game da magani, bincike ya daɗe da nuna cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana shi laifi. Yaron da ya fizge waya ba ya lissafin shekarun ɗauri, abin da yake dubawa shi ne ko akwai idon da ya san gidansu. Tura shi gidan yari kuwa, inda kusan kashi biyu cikin uku na tsararru a Najeriya jiran shari'a suke, haɗa shi ne da waɗanda suka fi shi ƙwarewa. Dokar gyaran hali ta 2019 ta ba da damar hukuncin da ba ɗauri, kamar aikin al'umma da sakin talala. Gidan horon yara na Borstal ma yana maƙwabtaka da Nasarawa, kuma don karatu da koyon sana'a aka kafa shi.

Wani gwaji a Monrovia ta Laberiya ya cancanci kulawa. An ɗauki maza 999, da yawansu ɓarayi ne da dillalan ƙwaya. Wasu aka ba su horon mako 8 kan danne fushi da yin tunani kafin aiki, wasu Dala 200, wasu duka biyun. Tasirin kuɗi zalla bai daɗe ba. Waɗanda suka samu horon da kuɗin tare, bayan shekara 10 sata da fashinsu sun ragu da kusan rabi. Masu koyarwar ba likitoci ba ne, akasarinsu tubabbun 'yan titi ne.

Wannan bai fi ƙarfin Nasarawa ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa don masu fama da shaye-shaye. Masu unguwa da limamai da fastoci sun san yaran da sunayensu. Abin da aka fi buƙata shi ne kafinta ko mai walda da zai karɓi yaron da ya fito daga gidan yari a matsayin ɗan koyo, domin wanda aka rufe wa kowace ƙofa, tsofaffin abokansa ne kaɗai za su yi masa maraba.