Me Ya Sa Zafin Murhun Gashi Mai Sarrafa Kansa Yake Hawa Da Sauka?

Idan ka taɓa tsayawa wajen mai tsire, ka ga yadda yake yi: ya gyara itace, ya fifita wuta, ya kai bayan hannu ya ji zafi. To, a Amurka akwai murhun gashi da aka damƙa wa na'ura wannan aikin. Joe Traeger, mutumin jihar Oregon, shi ya ƙera shi, ya yi masa rajistar mallaka. Makamashinsa garin katako ne da aka matse ya zama 'yan ƙwayoyi, kamar abincin kifi. Sai dai babban kukan masu amfani da shi ɗaya ne: an saita digiri 107 a ma'aunin Salshiyas don gashin sannu a hankali, amma zafin ya yi sama, ya yi ƙasa, wani lokacin ma wutar ta mutu.

Kafin mu nemi mai laifi, bari mu leƙa cikinsa. Ƙwayoyin suna cikin mazubi. Wani murɗaɗɗen ƙarfe, irin na cikin injin markaɗe, shi ke tura su zuwa ɗan kaskon wuta. Fanka tana hura iska, ma'auni yana jin zafi, sannan 'yar kwamfuta ta yanke hukunci: a ƙara ƙwaya ko a dakata.

Sirrin dai yana cikin jinkiri. Ka tuna lokacin da aka ƙara itace a murhun tuwo: wutar takan ɗan lafa tukuna, daga baya ta tashi. Nan ma haka ne. Kwamfuta ta ji zafi ya ragu, ta turo ƙwaya, amma ƙwayar ba ta kamawa nan take. Kafin ta kama an riga an ƙaro wata, sai zafin ya zarce inda ake so. Tsofaffin murahu ma agogo kawai suke bi, ƙarfen ya juya na 'yan daƙiƙoƙi ya huta. Sababbi suna amfani da lissafin da injiniyoyi ke kira PID, wanda ke duba nisan da ya rage, da daɗewar kuskuren, da saurin da zafin ke sauyawa. Don haka 'yar hawa da sauka ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar wutar itace ce. Idan abin ya yi yawa ne za ka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Fara da ma'auni, domin kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da ya gaya mata. A yawancin murahun nan 'yar wayar filatinam ce a cikin siririn ƙarfe, wadda turjiyarta ga lantarki ke ƙaruwa da zafi. Nau'in PT1000 yana nuna om 1,000 a digiri 0, kusan 1,097 a digiri 25. Idan maiƙo da baƙin hayaƙi sun lulluɓe shi, sai ya riƙa makara wajen ba da labari. Goge shi idan murhun ya huce, ka kwatanta shi da wani ma'aunin da ka gwada cikin ruwan ƙanƙara ya nuna 0. In har yanzu akwai shakka, mitar masu gyaran lantarki za ta raba gardama.

Na biyu, ƙwaya. Ana busar da ita har danshinta ya yi ƙasa da kashi 10 cikin 100. Da ta sha laima sai ta kumbura ta ruguje, wani ɓangare na zafin wuta ya tafi wajen ƙone ruwan cikinta, har takan toshe ƙarfen turawa. Karya guda ɗaya ka gani: mai kyau tana da sheƙi, tana karyewa ƙas; wadda ta jiƙe marmashewa take yi. Ka kuma leƙa mazubin, don wani lokaci rami ke buɗewa a tsakiya, ƙwaya ta maƙale a gefe, ƙarfen yana juyawa fayau.

Na uku, iska. Toka idan ta taru tana toshe hujojin kasko, wuta ta rasa iskar da take buƙata, ta koma hayaƙi. Kwashe toka a kai a kai yana maganin rabin matsalolin nan. Ka saurara kuma ka ji ko fanka na aiki.

Na huɗu, kai da kanka. Duk sanda ka ɗaga murfi zafi ya fice, kwamfuta ta ɗauka wuta ce ke mutuwa, ta antayo ƙwaya. Kana rufewa sai zafin ya haura. Sanyi da iska mai ƙarfi ma suna jan zafi ta jikin ƙarfen, don haka a kafa murhun inda yake da kariya, amma a waje, saboda gubar hayaƙi.

Abu biyu kuma ba a wasa da su. Idan wuta ta mutu, kada ka sake kunnawa kai tsaye, domin ƙarfen ya ci gaba da tara ƙwaya a kasko. Tulin nan idan ya fara ci yana fitar da farin hayaƙi mai kama wuta, wanda ke iya tashi fuu lokaci guda. Kashe murhun, zare wayarsa, bari ya huce, ka kwashe kaskon tas. Sannan naman kansa: tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, kuma naman da ya haura awa 2 a wannan hali bai da aminci. Lambar da ke jikin murhu zafin iska take nunawa, ba na cikin nama ba. Soka ma'auni a tsokar da ta fi kauri. Kaza sai ta kai digiri 74 kafin a sauke.

Ka ga ke nan, na'ura ta karɓi fifita daga hannun mai tsire, amma lura tana nan a wuyanka. Gobe idan zafi ya rikice, kar ka yi saurin sayen sabuwar kwamfuta. Fara da tsumman goge ma'auni.