Shaidar Kulob Na Ƙwarai A Ingila

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwa masu karatu wata dabara da mutanen Ingila suka yi game da kulob-kulob na ƙwallon ƙafa. Ba manyan nan da mu ke jin labarinsu na ke nufi ba, ƙanana na unguwa da na ƙauye, inda yara su ke koyon wasa.

A can akwai hukumar ƙwallo da a ke kira FA, wadda aka kafa tun 1863. A 2001 ta fito da wata shaida mai suna Charter Standard, wadda a ke ba kulob in an bincika an ga ya tsare amana. A 2021 aka sāke mata suna zuwa England Football Accredited, aka kasa ta hawa uku, watau tauraro ɗaya, da biyu, da uku. Kulob mai tauraro uku shi ne wanda ya buɗe ƙofa ga maza, da mata, da kuma naƙasassu.

Abin lura shi ne, ba a tambayar kofi nawa suka ci. Tambayoyin da a ke yi su ne waɗannan. Shin kulob yana da dokoki a rubuce? Yana da ma'aji da littafin lissafin kuɗi? Masu koya wa yara wasa sun sami horo, sun kuma san taimakon farko in yaro ya ji rauni? An duba sunayensu a wajen hukuma, an tabbata ba su taɓa cutar yaro ba? Akwai mutum guda da aka naɗa musamman domin yaro ya kai masa ƙara? Kuma kowace shekara sai an sabunta shaidar.

Watakila wani ya ce wannan wahala ta yi yawa a kan wasan yara. To, ya saurara. A watan Nuwamba 2016, wani tsohon ɗan wasa, Andy Woodward, ya fito ya faɗi cewa mai koya masa wasa, Barry Bennell, ya lalata shi yana yaro. Da ya buɗe baki, sai mutane da yawa suka biyo da irin labarinsa. An ɗaure Bennell a 2018. A 2021 wani lauya, Clive Sheldon, ya gama bincike, ya ce hukumar kanta ta yi jinkiri wajen tsare yara tsakanin 1995 da 2000. Iyayen yaran nan sun ba da 'ya'yansu ne bisa yarda kawai, don sun ga mutum ya iya ƙwallo.

Amma kada a ɗauka takarda tana gadi. Mu akawuna mun sani, fayil ya kan cika da sa hannu alhali aiki bai tafi daidai ba. Amfanin shaidar shi ne ta koya wa uba abin da zai tambaya, ta kuma ba shi bakin tambaya ba tare da an ce ya zargi kowa ba.

A garuruwanmu ma yara su kan tafi fili da la'asar, ba su komowa sai magariba. Malamai da iyaye, ina roƙonku, ko babu shaida, ku je filin da ƙafarku. Ku tambayi wa ke riƙe da yaran, wa ke riƙe da kuɗin da su ke tarawa, kuma wa yaro zai gaya wa in an cuce shi. Rigakafi ya fi magani.

Wassalam. Ni ne naka,

Wani Akawu, Jos.