Jiragen yaƙin da alƙalami ya nutsar

A ranar 6 ga Fabrairun 1922, wakilan Amurka, Birtaniya, Japan, Faransa da Italiya suka rattaba hannu kan yarjejeniyar Washinton, wadda ta haramta ƙera jirgin ruwan yaƙi da ya haura tan 35,000, ko ɗora masa igwa mai faɗin baki fiye da inci 16. Da wannan sa hannu aka kashe manyan jirage da dama tun ba su shiga teku ba.

Har yau masu sha'awar tarihin sojan ruwa na sake zana su, suna tambayar abin da zai faru da taron ya watse ba a cimma matsaya ba. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne samfurin G3 na Birtaniya, jirage huɗu da aka ba da kwangilarsu a 1921, kowanne mai nauyin kusan tan 48,000, da igwa tara da gudun kilomita 59 a sa'a. Da aka soke su, sai aka rage zanen, aka samu Nelson da Rodney, waɗanda gudunsu bai wuce kilomita 43 ba.

A nan darasin yake ga mai zane. Taura biyu ba ta taunuwa: duk nauyin da aka ƙara wa sulke, daga inji ko igwa za a zaftare shi. Haka nan zanen da bai lissafa da baitulmali ba mafarki ne, domin Birtaniya ta fito daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da dimbin bashi a wuya.

Akwai kuma abin da masu hasashen kan tsallake. Yarjejeniyar ce ta ba da damar mayar da wasu gangunan da aka fara ginawa zuwa jiragen dakon jiragen sama: Lexington da Saratoga a Amurka, Akagi da Kaga a Japan. Biyun na Japan suna cikin waɗanda suka kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, kafin a nutsar da su a Midway a Yunin 1942.

Don haka duk wanda ya goge yarjejeniyar daga tarihi don ya raya manyan igwogi, sai ya amsa wata tambayar: wace ma'aikatar kuɗi ce za ta amince ta biya kuɗin jiragen dakon da suka juya akalar yaƙin tekun Fasifik?