Layi Biyu Ba Lalle Su Ninka Sauri Ba

Ma'aikaci ko ɗalibin da nawar intanet ta gallaba yakan sanya wa tsohuwar kwamfuta manhajar OpenWrt, ya mai da ita na'urar rarrabawa mai karɓar layi biyu. Amma fa galibi rabon aiki kurum take yi, watau babban fayil layi guda zai bi, saurinsa bai ƙaru ba. Haɗa su sosai sai da wani tsari kamar Multipath TCP, wanda ya shiga Linux a 2020, tare da hayar wata kwamfuta a nesa mai sake harhaɗa gutsattsarin saƙon. Kuɗin hayar nan akan manta da shi wajen lissafi. Har ila yau, idan layi ɗaya ya cika nawa, yakan ja ɗan'uwansa baya.