Yadda obin ɗin gasa burodi ya zama maƙerar allunan lantarki

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin wayar salula ya ga wani koren allo da aka jera wa ƙananan kaya kamar ƙwayoyin gero. Wasu daga cikinsu tsawonsu milimita 1 ne kacal, faɗinsu kuma rabin haka. Ƙarfen liƙi da masu gyaran rediyo ke riƙewa ba ya iya bin irin waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya cikin sauƙi, balle waɗanda ƙafafunsu ke ɓoye a ƙarƙashinsu. Saboda haka masana'antu ke shafa wa allon wani kwaɓi na garin kuza, su jera kayan a kai, sannan su tura shi cikin dogon tanderu ya narkar da liƙin gaba ɗaya.

Irin wannan tanderu ya fi ƙarfin ɗalibi ko mai ƙirƙira a gida. Shi ya sa tun shekarun 2000 masu sha'awar harhaɗa na'urori a Amurka da Turai suka karkata ga kicin. Kamfanin SparkFun na jihar Kolorado ya taɓa wallafa yadda ake aikin da kaskon suya na lantarki, yayin da wasu suka zaɓi ƙaramin obin na gasa burodi. Bayyanar allon Arduino a Italiya a 2005 ta ƙara sauƙaƙa lamarin, domin da shi ake iya sarrafa zafin obin ɗin.

Sirrin aikin yana cikin yadda zafi ke hawa da sauka. Da farko ana ɗumama allon a hankali, kada hawan ya wuce digiri 3 a daƙiƙa, gudun kada kayan su tsage. Daga nan sai a tsaya a wajen digiri 150 zuwa 180 na minti ɗaya zuwa biyu, domin zafi ya game ko'ina, kuma sinadarin da ke cikin kwaɓin ya wanke tsatsar da ke kan tagulla. Sai a haura matakin narkewa. Kwaɓin da ke da kashi 63 na kuza da 37 na dalma yana narkewa a digiri 183. Wanda ba shi da dalma, na kuza da ɗan azurfa da tagulla, sai ya kai wajen digiri 217, kuma akan bar zafin ya taɓa 240 zuwa 250 na ɗan lokaci kafin a sauke.

A wannan gaɓar ne kwaɓin mai launin toka yake rikiɗewa ya yi ƙyalli, narkakken ƙarfen kuma ya janyo kayan da suka ɗan karkace su daidaita da kansu. Amma idan gefe ɗaya ya riga ɗaya narkewa, sai ƙaramin abu ya miƙe tsaye kamar dutsen da ake kafawa a kan kabari, aikin ya lalace. Idan kuma aka zarce, allon ya ƙone.

Matsalar obin ɗin kicin ita ce lambobin da ke jikin maɓallinsa ba abin dogaro ba ne. Masu aikin sukan manna wayar auna zafi a jikin allon, su haɗa ta da na'urar da ke kunna wuta da kashe ta gwargwadon buƙata. Kaskon suya kuwa daga ƙasa kawai yake ba da zafi, don haka ya fi dacewa da allon da kayansa ke fuska ɗaya. Na'urar maikirowef ba ta shiga wannan lissafi sam, domin ƙarfe a cikinta tartsatsi yake yi.

Ga ɗaliban injiniya a Najeriya, da ma'aikatan da 'ya'yansu ke irin wannan gwaji a gida, dabarar tana rage kashe kuɗi da jiran a harhaɗo allo daga Sin. Sai dai ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin da bai wuce minti goma ba ta isa ta ɓata shi.

Babban haɗarin kuma na lafiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma yara sun fi kowa rauni a gabanta. Najeriya ta san haka da ɗaci, tun da gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki tun 2006.

Don haka obin ɗin da ya taɓa gasa allo ya yi bankwana da abinci ke nan. Wajibi ne a fitar da shi daga kicin zuwa wuri mai iska, domin hayaƙin kwaɓin yana damun huhu ko da babu dalma a ciki. Kwaɓin yana son sanyi, amma ba a ajiye shi kusa da nama da miya a firji. Wanke hannu da sabulu bayan aiki, da nesanta yara daga teburin, su ne sharaɗin farko kafin a kunna wuta.