Ruwa Garau Ba Shi Ne Shaidar Lafiya Ba

'Yan'uwa na Sandamu da kewaye, mun sha faɗa muku ku bar ruwan kududdufi ku sha na rijiya. Muna nan a kan bakanmu. Amma akwai abin da ya kamata kowane gari mai rijiyar burtsatse ya sani.

A cikin waɗansu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa akwai wata guba da ake kira arsenik. Takan narke a ruwa. Ba ta da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Tacewa da ƙyalle ba ta fid da ita. Tafasawa kuwa ƙara mata ƙarfi take yi, gama ruwan ne ke ƙonewa, ita tana nan.

Ba ta kashe mutum yau ko gobe. Shekara da shekaru take yi tana cin bangon hanyoyin jini daga ciki, har su yi tauri su ƙuntata. Daga nan sai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki. Sau da yawa alamar fari a fata take: ɗigo-ɗigo baƙi a jiki, da kanta a tafin hannu da tafin ƙafa.

A ƙauyukan kudu maso yammacin Taiwan, tun shekarun 1950 likitoci suka lura da wani ciwo ga masu shan rijiyoyi masu zurfi. Mutum zai ji ƙafarsa ta yi sanyi, ta yi kamar ba tasa ba. In ya yi tafiya kaɗan sai zogi ya tsai da shi. Daga baya yatsu su yi baƙi su ruɓe, gama jini ya daina isa can, har a yanke ƙafar. Sa'ad da aka kai musu ruwan famfo daga wani wuri, sababbin masu kamuwa suka ragu ƙwarai.

Kada mu ce abin na nesa ne. An sami wannan guba a rijiyoyin burtsatse na yankin Yatenga a Burkina Faso, inda duwatsun ke da zinariya. A Tibiri kusa da Maraɗi kuma, wani sinadari dabam, fulorayid, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara. Ruwan nan ma garau yake.

Ba muna cewa rijiyoyin Sandamu suna da guba ba ne. Awo kaɗai ke nunawa. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada arsenik ya wuce kashi 1 cikin miliyan 100 na ruwa. Kowace rijiya kuwa da nata awon, domin a Bangaladash an ga mai guba dab da mai kyau. Can sai aka shafa wa bakin famfo jan fenti ko kore.

Saboda haka in za a haƙa muku rijiya, mai gari da kwamitin ruwa su nemi a auna ruwan kafin a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa, su kuma karɓi takardar su ajiye. Tsofaffin rijiyoyi ma a kai maganarsu wurin ma'aikatan ruwa na ƙaramar hukuma. Kafin sakamako ya fito, kada kowa ya koma kududdufi, gama amai da gudawa ba sa jiran shekaru.