Ƙarin takardu a neman zama ɗan ƙasa a Najeriya

Ƙarin takardu su ne takardun da mai neman zama ɗan ƙasa yake haɗawa da fom ɗinsa don raɗin kansa, bayan waɗanda hukuma ta lissafa a matsayin wajibi. A Najeriya, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce take karɓar irin wannan buƙata, shugaban ƙasa kuma shi ke da ikon amincewa da ita. Kundin tsarin mulki na 1999 bai kawo jerin takardu ba, sharuɗɗa ya gindaya, ya bar wa mai nema nauyin gamsar da hukuma cewa ya cika su. Saboda haka ƙimar kowace takarda ta ƙari tana ga sharaɗin da take tabbatarwa. Wadda ta cike giɓi a fayil tana taimakawa, wadda ba ta tabbatar da komai ba tana ƙara wa jami'i aiki ne kawai, akwai kuma wadda take zama hujja a kan mai ita. Batun ya fi tsanani a karkara, irin su Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, inda mutum kan yi shekaru masu yawa yana zaune ba tare da sunansa ya shiga wani littafin hukuma ba.

Abin da doka ta gindaya

Babi na uku na kundin tsarin mulki ya kawo hanyoyi uku. Sashe na 25 ya yi magana kan ɗan ƙasa ta haihuwa. Sashe na 26 ya yi magana kan rajista, wadda ta shafi matar da take aure ko ta taɓa auren ɗan Najeriya, da kuma baligin da aka haifa a waje amma ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Sashe na 27 shi ne na baƙon da ya daɗe a ƙasa, kuma shi ya fi yawan sharuɗɗa. Ana so mai nema ya zama baligi mai hankali, mai kyawun hali, wanda ya nuna niyyar zama a Najeriya, kuma ya amfani ƙasar ko yana iya amfanarta. Dole gwamnan jihar da yake zaune ya ga cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. Sannan ya yi rantsuwar biyayya, ya kuma nuna cewa ya zauna a Najeriya shekara 15 a jere, ko kuma wata 12 a jere kafin nema tare da zaman da jimillarsa ta kai shekara 15 a cikin shekara 20 da suka gabaci waɗannan watanni.

Ana shigar da buƙata ta shafin intanet na ma'aikatar. Daga nan hukumomin tsaro, ciki har da hukumar farin kaya ta DSS, su bincika, kwamitin ba da shawara ya duba, a kai gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya. Waɗanda suke tsallakewa ba su da yawa: a bikin da aka yi a watan Satumban 2022, mutum 286 ne shugaba Muhammadu Buhari ya miƙa wa takardar zama 'yan ƙasa.

Takardun da ma'aikata take nema daga baƙon da ya daɗe sun haɗa da fasfo, takardar haihuwa, takardar izinin zama, shaidar sana'a, takardar shaidar biyan haraji, da takardun 'yan Najeriya da suka tsaya masa. Waɗannan babu zaɓi a cikinsu, kuma tarin wasiƙun yabo ba ya maye gurbin ko ɗaya.

Inda ƙari yake da amfani

Idan aka jera takardun wajibi kusa da sharuɗɗan sashe na 27, za a ga sharuɗɗa biyu da ba su samu cikakkiyar shaida ba: tsawon zama da karɓuwa a wurin jama'a. Takardar shaidar biyan haraji shekara uku na baya take nunawa. Fasfon da ke hannun mutum yau wataƙila shi ne na uku ko na huɗu da ya riƙe. Sauran shekarun sai an nemo musu abin da zai tsaya musu.

Halin yammacin Zamfara ya nuna wannan ƙarara. Haƙar zinari a ƙasar Anka da Bukkuyum ta jawo mutane daga wasu jihohi da ma ƙasashe maƙwabta, musamman Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba tare da biza ba ya zauna kwana 90, bayan haka ya nemi izinin zama. Bahaushen da ya taso daga Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya sauka a Bagega yana jin harshen garin, yana sallah a sahu ɗaya da mutanen garin, ba wanda zai tambaye shi takarda a kasuwa. Sajewar da doka take nema ya same ta tun ranar farko. Abin da ya rasa shi ne rubutacciyar shaidar ranar da ya zo. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a watan Janairun 2025 ta sa tambayar matsayin irin wannan mutum ta ƙara nauyi, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da mutunta 'yancin zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci.

Takardar da ta fi ƙarfi a nan ita ce wadda wani ya rubuta tun a lokacin, da kwanan wata, don wata buƙata dabam. Tsofaffin fasfo da tsofaffin katunan izinin zama su ne kan gaba. Bayansu akwai takardun haihuwar yaran da aka haifa a nan, waɗanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa, da takardun makarantar yaran, da takardar sayen gona ko fili mai sa hannun shaidu, da rasit na haya ko na kuɗin shiga na ƙaramar hukuma. Katin asibiti ma yana iya shiga sahu. Bayan annobar gubar dalma da aka gano a 2010, wadda ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, an kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega a 2013, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta fara yi wa yaran garin magani a wannan shekara. Katin yaron da aka duba a lokacin yana nuna cewa iyalin suna garin a 2013. Sai dai takarda ce ta lafiyar wani, don haka abin da ya dace a miƙa shi ne shafin suna da kwanan wata, ba sakamakon gwajin jini ba.

Abin lura shi ne rarrabuwar takardun a kan shekaru. Rasit ashirin na shekara guda shekara guda suka tabbatar. Takarda ɗaya ko biyu daga kowane zango, tun farkon zuwa har yau, sun fi su amfani nesa ba kusa ba.

Game da karɓuwa a wurin jama'a, gwamna ba ya sanin mai nema da kansa, rahoton da ya taso daga ƙasa yake dogara da shi. Wasiƙar mai gari ko uban ƙasa, kamar yadda ake kiran hakimin gunduma a ƙasar Sakkwato da Zamfara, tana da muhalli a nan, haka ma ta masarauta, ko Anka ce ko Gummi ko Bukkuyum. Amma wasiƙar da ta ce mutumin kirki ne kawai ba ta da nauyi. Mai amfani ita ce wadda ta faɗi tun yaushe aka san shi, a wace unguwa yake, da wace sana'a, kuma mai sa hannun zai iya maimaita hakan idan jami'in bincike ya zo.

Saɓanin suna da shekaru

Dalili na biyu na ƙara takarda shi ne warware saɓani. Takardun Nijar da Faransanci ake rubuta su, da irin rubutun Faransa: Mahamadou, Ousmane, Aboubacar, Issoufou. Mutumin nan a takardun Najeriya sai ya koma Muhammadu, Usman, Abubakar ko Yusuf. Da yawa daga waɗanda ba a yi musu rajista lokacin haihuwa ba suna riƙe da hukuncin kotu da ya maye gurbin takardar haihuwa, wanda wani lokaci shekara kawai yake nunawa, ita ma bisa ƙiyasi. Mai karanta fayil a Abuja zai ga sunaye biyu da ranakun haihuwa biyu. Maganin shi ne fassarar da aka tabbatar da ita, da takardar rantsuwa ta kotu mai bayyana cewa mutum ɗaya ne, a haɗa tun farko maimakon a jira tambaya.

Akwai ƙaramin saɓani na cikin gida: an ƙirƙiri jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoban 1996 daga jihar Sakkwato, don haka duk takardar Anka ko Gummi da ta girmi wannan rana sunan Sakkwato take ɗauke da shi. Layi ɗaya na bayani ya wadatar.

Sashe na 28 ya kawo wani dalili. Wanda aka ba zama ɗan Najeriya alhali yana riƙe da wata ƙasa da ba ta haihuwa ya same ta ba, dole ya ajiye waccan cikin wa'adin da sashen ya ƙayyade. Wanda ƙasarsa ta farko ta haihuwa ce, wannan sharaɗi bai hau kansa ba. Takardar shaidar ƙasa da kotunan Nijar suke bayarwa tana fayyace ɓangaren da mai nema ya faɗa.

Takardun da ke cutar da mai su

Katin zaɓe shi ne misali mafi bayyana. Ɗan ƙasa kaɗai doka ta yarda ya yi rajistar zaɓe. Baƙon da ya sa katin zaɓe a fayil don ya nuna ya daɗe, ya nuna ne cewa ya taɓa gaya wa hukuma shi ɗan Najeriya ne alhali bai zama ba, a cikin buƙatar da kyawun hali yake cikin sharuɗɗanta. Haka takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ake kira indijin, idan da sunansa aka yanke ta. Lambar NIN dabam take. Ko da yake jama'a suna kiran katinta katin ɗan ƙasa, hukumar NIMC tana ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ita ma, don haka riƙe ta ba laifi ba ne, kuma ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Matsala tana tasowa idan wajen rajistar an rubuta mutum a matsayin ɗan Najeriya.

Shaidar sana'a ma tana son kulawa a wannan yanki. A watan Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara, ta kuma umarci baƙi su bar wuraren haƙar, ba a ɗage haramcin ba sai a Disamban 2024. Takardar cinikin zinari mai kwanan watan wannan tsakani tambaya za ta jawo, ba yabo ba.

Barin takardar da ba a nema ba dabam ne da ɓoye abin da aka tambaya. Idan fom ko jami'i ya yi tambaya kai tsaye, amsar gaskiya ce ta wajaba, kuma wanda ya san akwai irin wannan tabo a tarihinsa lauya ya kamata ya gani kafin ya shigar da komai. Takardar da aka rubuta yau aka sa mata tsohon kwanan wata ta fi kowace haɗari, domin ita kaɗai ta isa ta sa a yi shakkar sauran fayil ɗin.

Matan aure

Matar da ta zo daga wata ƙasa ta auri ɗan Najeriya ba ta bukatar shekara 15. Abu biyu fayil ɗinta ya rataya a kai: aure ya tabbata, kuma mijin ɗan ƙasa ne. A ƙauyuka ana ɗaura aure da waliyyi da sadaki da shaidu, ba kasafai ake rubuta komai ba, don haka sai daga baya ake neman takarda daga kotu. Takardar da aka yanke shekara goma bayan ɗaurin aure tana ƙara ƙarfi idan aka haɗa ta da rantsuwar waɗanda suka halarta da takardun haihuwar 'ya'ya. A nan takardar indijin ta mijin tana wurinta, domin shi take wa shaida. Sashen bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Ƙudirin da ya nemi gyara hakan ya faɗi a Majalisar Dokoki ta Ƙasa a watan Maris na 2022.

Wanda ba nema yake yi ba

Wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoban 1960, kuma mahaifi ko mahaifiya ko ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Yaron da aka haifa a Bagega, uba ɗan Nijar uwa 'yar Anka, yana cikin wannan rukuni, kuma abin da yake bukata shaidar nasabarsa ce ta wajen uwa, ba fom na sashe na 27 ba. Shari'ar Shugaba Abdurrahman Darman ta shahara a wannan fage. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno lokacin da gwamnatin tarayya ta kore shi zuwa Chadi a watan Janairun 1980 bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta soke korar, kuma nasabarsa ta wajen uwa tana cikin abin da ya tsaya masa.

Takardun da suka ɓace

Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a yammacin Zamfara, mutane sun yi gudun hijira zuwa garuruwa irin su Anka, takardu da yawa sun ƙone ko an baro su. Hanyar da aka saba bi ita ce rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa ta kotu, sannan a nemi kwafi daga inda takardar ta fito, makaranta ce ko asibiti ko ofishin Hukumar Shige da Fice a Gusau. Baligin da bai taɓa samun takardar haihuwa ba Hukumar Ƙidaya tana ba shi takardar tabbatar da haihuwa bayan ya yi rantsuwar shekaru a kotu. Tunda hoton takardu ake ɗorawa a intanet, na asali suna zama a hannun mai su har ranar da aka kira shi ganawa.